Kiɗan Kantiri da Kewar Unguwar da Ta Watse

Duk wanda ya yi wayo a Kaduna kafin zuwan wayar salula, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Don Williams, mawaƙin kiɗan kantiri ɗan Amurka, ba, ko da kuwa bai san sunan mai ita ba. Ana jin ta a shagon aski da garejin makanikai, ana jin ta a motocin haya masu zuwa Jos da Kafanchan, ana kuma jin ta a ɗakin saurayin da ya karɓi albashinsa na farko ya sayi rediyo mai cin kaset. Kafin shi akwai Jim Reeves, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama tun 1964, amma fayafayansa suka ci gaba da juyawa a gidajen malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati shekaru masu yawa bayan mutuwarsa, daga baya kuma Kenny Rogers da Dolly Parton suka shigo. Kiɗan kantiri, wanda kasuwarsa ta taso daga jihohin kudu na ƙasar Amurka, bai taɓa kamo ƙafar Shata ko waƙoƙin finafinan Indiya a zuciyar Bahaushe ba, wannan kam babu gardama. Sai dai Kaduna gari ne na ma'aikata da sojoji da 'yan reluwe waɗanda suka taru daga ko'ina, kuma a irin wannan gari waƙar da ake rerawa a natse, da Turanci mai sauƙin kamawa, ta sami masu saurare ƙwarai.

Wanda ya saurari waɗannan waƙoƙi da kunnen basira zai lura cewa, in aka cire soyayya da rabuwa, babu abin da suka fi komawa kansa kamar gidan da aka baro. Suna zancen ƙaramin garin da kowa ya san kowa, da barandar da tsofaffi ke zama da yamma suna gaisawa da masu wucewa, da maƙwabcin da zai zo ya taya ka girbi ba tare da an aika masa ba, da ranar Lahadi da ake rufe kantuna a tafi coci. Mai sauraro yakan ɗauka mazauna ƙauye ne ke yabon ƙauyensu, amma mazaunin ƙauye yana can yana fama da fari da bashin taki, ba shi da lokacin kewar wurin da bai bari ba. Tun ranar da aka fara sayar da wannan kiɗa, masu yin sa da masu sayensa galibi mutane ne da suka riga suka tashi, ko suke ɗaure kayan tashi.

A 1923 wani mai farautar mawaƙa na kamfanin Okeh, Ralph Peer, ya ɗauki muryar wani dattijo mai kaɗa goge irin na Turawa, John Carson, a birnin Atlanta, kuma masana da yawa suna ƙirga wannan faifai a matsayin mafarin kasuwar kiɗan kantiri. Carson ya yi shekaru yana aiki a masaƙar auduga a cikin birnin. Waƙar da ya rera kuwa an rubuta ta tun 1871, kuma labarin wani tsoho ne da ke zaune a bukkarsa ta katako wadda ta fara zubewa, yana tuna mutanen da suka shuɗe suka bar shi. Ke nan tun daga faifan farko kewa ce hajar da aka kasa, kuma ma'aikacin masaƙa ne ya kasa ta. A 1925 gidan rediyon WSM, mallakar wani kamfanin inshora a birnin Nashville wanda daga baya ya zama cibiyar kiɗan kantiri, ya fara shirin daren Asabar wanda daga baya aka sa wa suna Grand Ole Opry, yana kai wa mutane kiɗan dandalin ƙauye har cikin ɗakunansu. A 1927 kuma Peer ya kafa na'urarsa a garin Bristol na jihar Tennessee ya ɗauki waƙoƙin iyalan Carter da na Jimmie Rodgers, wanda shi ma tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne.

Dalilin da ya sa wannan haja ta karɓu yana cikin alƙaluma. Ƙidayar 1920 ita ce ta farko da ta nuna mazauna birane sun fi mazauna karkara yawa a Amurka. Gonakin ƙasar sun kai kimanin miliyan 6.8 a 1935, yau kuwa kimanin miliyan 2 suka rage. Tarakta da injin tsinkar auduga sun sallami 'yan ƙwadago, mahaƙar kwal ta rage ma'aikata, sai iyalai daga tsaunukan Kentucky da Tennessee da West Virginia suka kama hanyar arewa zuwa masana'antun motoci na Detroit da na taya a Akron. Waƙar Detroit City, wadda Bobby Bare ya yi fice da ita a 1963, ta kama halin da suka shiga: mutum yana haɗa motoci da rana, yana mafarkin gonar auduga da dare, yana kuma rubuta wasiƙun da ke sa mutanen gida su ɗauka ya zama wani babba a birni. Duk wanda ya taɓa zuwa cirani, ko ya ga ɗan cirani ya sayi sabuwar shadda ta komawa gida da kuɗin da ya hana cikinsa, ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan waƙa.

Kaduna ma da irin waɗannan mutane aka gina ta. Turawan mulkin mallaka sun dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, layin dogo ya kawo ma'aikata, sannan a 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Kawuna yana cikin samarin da suka baro gona a ƙasar Zazzau suka kama aiki a ɗaya daga cikin masaƙun, kuma a hannunsa na tashi, a wani gidan haya da ke kusa da Makera. A ɗakin wani abokin aikinsa, mutumin kudancin jihar, ya fara jin Don Williams, har ya saba da shi ya sayi nasa kaset ɗin. A wancan lokaci abin da yake kewa shi ne ƙauye: gayya, da kasuwar mako, da furar da ba a saye da kuɗi. Yau kuwa in ka zauna da shi ko da sa'o'insa, da wuya ka ji sun ambaci ƙauye. Abin da suke kewa shi ne gidan hayan nan da layin masaƙa, wato ainihin wurin da suka taɓa ɗauka zaman wucin gadi ne kafin su tara abin komawa gida.

Gidan dogon zaure ne da ɗakuna suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, madafa ɗaya, famfo ɗaya a bakin ƙofa wanda maƙwabta ma suke ɗiba. Akwai mu, akwai iyalin wani Bajju, akwai Bayarabe tela, akwai Inyamuri mai sayar da kayan keke, akwai wata tsohuwa Banufiya mai tuyar ƙosai. Da Hausa ake magana a tsakar gida, kowa da irin karin harshensa. In jiniyar masaƙa ta kaɗa sai titi ya cika da kekuna, masu aikin dare suna dawowa masu aikin safe suna fita, kuma matar da mijinta ke aikin dare ta san akwai maza a gidan da za su tashi in wani abu ya taso. Ana ciyayya, kwano ya fita da tuwo ya dawo da doya. Ranar Babbar Salla mu yara ne muke rarraba nama ɗaki ɗaki ba tare da tambayar addinin mai ɗaki ba, ranar Kirsimeti kuma shinkafa da kaza su zo mana, kuma maƙwabcinmu Kirista yakan kira Musulmi ya yanka masa kazar domin kowa ya ci ba tare da ƙyanƙyami ba. Mata suna adashi tare. Yaron da ya yi rashin kunya a layi, wanda ya fara ganinsa shi zai hore shi, in ya kai ƙara gida a ƙara masa. Talabijin ɗaya ce a gidan, mai ita kuma ba shi da ikon rufe ƙofarsa da daddare.

Ina da yaƙinin cewa wannan kusanci bai samu don mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah ko kyan hali ba, ko da yake tsofaffi sun fi son a faɗi haka. Wa'azin haƙƙin maƙwabci, da hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, ana karanta su yau fiye da yadda ake karanta su a wancan zamani. Abin da ya canza shi ne buƙata. Mutanen da suke ɗibar ruwa a famfo ɗaya, suke karɓar albashi rana ɗaya, suke shiga ƙungiyar ƙwadago ɗaya, dole su san juna, kuma dole su shirya bayan sun yi faɗa, domin gobe da asuba za su sake haɗuwa a layin ruwa. A Amurka ma haka abin yake. A farkon shekarun 1930 kusan gida ɗaya cikin goma ne kawai yake da lantarki a gonakin ƙasar, kuma zafi ne yake fitar da mutanen kudu baranda da yamma. Da na'urar sanyaya ɗaki da talabijin suka shiga gidaje, da mota ta ba mutum damar yin cefane a babban kanti mai nisa maimakon shagon maƙwabcinsa, sai baranda ta zama ado. Mu kuma kowa ya sami hali sai ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi janareto, ya ja katanga ya ɗora mata waya, dakalin ƙofar gida ya zama wurin ajiye mota. Babu wanda ya yi haka da nufin yanke zumunci, kowa sauƙi ya nema, kuma ni ma da nake wannan rubutu a bayan katanga nake zaune.

Bahaushe ya ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wannan ya bayyana dalilin da ya sa waƙoƙin kewa suke yawaita a lokacin matsi. Merle Haggard ya fitar da tasa mai tambayar ko kwanakin daɗi sun ƙare ke nan a 1982, lokacin da rashin aikin yi ya yi tsanani a Amurka. Amma cikin mawaƙan kantiri wadda na fi ganin girmanta a wannan fage ita ce Dolly Parton, wadda aka haifa a 1946 a tsaunukan Tennessee, ta huɗu cikin 'ya'ya 12 na wani talakan manomi. A 1968 ta yi waƙa a kan kwanakin da ake kira na daɗi alhali wahala ake sha, inda ta lissafa fita gona tun kafin rana ta fito, da ƙanƙarar da ta lalata amfanin gona suna kallo, da kwana da yunwa, da uwa tana jinya babu kuɗin likita. Ta ce babu dukiyar da za ta sayi waɗannan tunane-tunane daga gare ta, kuma babu dukiyar da za a ba ta ta yarda ta koma ta sake rayuwar. Ban san wata magana a kan kewar da ba wadda ta fi wannan adalci. Matar kawuna, wadda ita ce ta yi ta tashi da asuba tana bin layin ruwa, ta yi ta wanke ban ɗakin da mutum fiye da ashirin suke shiga, ta kuma sha gulmar tsakar gida, takan yi dariya in maza sun fara zancen da. Ta taɓa ce masa, "Malam, kai da ka tashi ka tarar da ruwan wanka a bokiti, ai dole ka ce zamanin ya yi daɗi." Tana kewar matan da suka zauna tare, har takan yi ƙwalla in an ambaci waɗanda suka rasu, amma ba ta kewar gidan ko kaɗan.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan nauyi, wato tambayar su wane ne aka bari a waje in ana zana hoton garin da kowa ya san kowa. A 2004 ƙungiyar Rascal Flatts ta kai matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri da waƙar Mayberry, mai kewar zama a baranda da kiran masu wucewa da sunayensu. Mayberry kuwa gari ne da ba ya kan taswira, an ƙirƙire shi ne domin wani wasan barkwanci na talabijin da Andy Griffith ya jagoranta daga 1960 zuwa 1968, wanda aka ɗora a jihar North Carolina, inda shugaban 'yan sandan garin ba ya ko ɗaukar bindiga. A shekarar da aka fara wasan ne ɗalibai baƙar fata suka fara zaman dirshan a wani wurin cin abinci da ke Greensboro, a wannan jiha ɗin dai, saboda an hana su zama inda Turawa ke zama, kuma a shekarar da aka kammala shi aka kashe Martin Luther King. Duk wannan bai shiga Mayberry ba, kuma kusan babu baƙar fata mai magana a cikin wasan. Hatta waƙar nan ta 1871 da Carson ya rera, da bakin tsohon bawa aka rubuta ta, Bature ne ya sa masa kalaman kewar ubangidansa. Baƙaƙe kimanin miliyan 6 da suka bar jihohin kudu tsakanin 1916 da 1970 ba su baro wani zamani mai sauƙi ba, dokokin wariya da kisan gilla suka gudar wa, alhali banjo, wadda take cikin ginshiƙan kiɗan kantiri, kakanninsu ne suka zo da asalinta daga Afirka ta Yamma, 'yar'uwar molo da gurmi ce. Wani lokaci ma kewar takan rikiɗe ta zama gargaɗi ga baƙo. A 2023 waƙar Jason Aldean a kan ƙaramin gari ta jawo ce-ce-ku-ce, musamman da aka gano an ɗauki bidiyonta a gaban wata kotu a Columbia ta jihar Tennessee inda aka rataye wani matashi baƙar fata a 1927, ko da yake mawaƙin ya musanta cewa yana da wata manufa ta launin fata.

A nan ne labarin Kaduna ya rabu da na Nashville. Garin da waƙoƙin can suke mafarki gari ne na mutane iri ɗaya, masu coci ɗaya da launi ɗaya. Mu kuwa mun sami irin wannan unguwa, kuma ba da son ranmu ba. Rikicin Fabrairu da Mayu na 2000 a kan batun shari'a, da na Nuwamba 2002 a kan gasar sarauniyar kyau, da na bayan zaɓen 2011, sun raba garin kusan gida biyu, kogi ya zama iyaka. Musulmi da yawa suka bar Sabon Tasha da Television da Narayi suka koma Rigasa da Tudun Wada da Kawo, Kiristoci suka yi akasin haka, har aka riƙa musayar gidaje tsakanin mutanen da kowannensu yake tsoron kwana a nasa. A tsakanin 2002 da 2007 kuma manyan masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, saboda matsalar wuta da tsadar man injuna da atamfar waje da ta cika kasuwa, sai wurin da yake tilasta wa Bahaushe da Bajju su tsaya kafaɗa da kafaɗa kullum ya tafi shi ma. Ba zan ce kafin 2000 lafiya lau ake ba, domin tarzomar Kafanchan ta 1987 da ta Zangon Kataf ta 1992 duk sun fantsamo cikin garin, kuma wanda ya manta da su yana gina tasa Mayberry ɗin ne. Amma a wancan lokaci, bayan ƙura ta lafa, mutane sukan koma ɗakunansu na haya su ci gaba da ɗibar ruwa tare, daga 2000 ne aka daina komawa.

Yau unguwanninmu ba su rasa haɗin kai ba. Ana tara kuɗin gyaran taransifoma, ana biyan 'yan sintiri, kowane layi yana da zaurensa na WhatsApp, kuma masallaci ko coci yana haɗa mutane fiye da da. Abin da ya ɓace shi ne maƙwabcin da ba irinka ba. Yaro yakan tashi a Rigasa ya gama sakandare bai taɓa cin abinci a gidan Kirista ba, takwaransa na Sabon Tasha kuma bai taɓa shiga gidan suna ba, kuma kowannensu ya san ɗayan ne ta bakin masu wa'azi da abin da ya gani a waya. Tsofaffin abokan aiki kuwa sai ta'aziyya take haɗa su. Da abokin kawuna, mai kaset ɗin nan, ya rasu, na kai shi gidan makoki a ƙetaren gada. Matar mamacin ta gane shi tun daga ƙofa, ta kira shi da laƙabin da ake kiransa a masaƙa, ta sa jikokinta suka durƙusa suka gaishe shi. A hanyar dawowa na ce, "Kawu, ashe har yanzu ba su manta da kai ba." Ya ce, "Ɗana, ita ba ta manta ba, amma ka ga yaran nan, kallon baƙo suke yi mini, kuma ba laifinsu ba ne."

Abin da yake ba ni mamaki shi ne ƙarancin waƙoƙin Hausa da suka ɗauki wannan labari, alhali ya fi na Detroit zafi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya nuna cewa ana iya ɗaukar kuntigi a yi wa karen mota da sauran talakawa waƙa ta karɓu, amma kaɗan ne suka bi sawunsa. Ina ganin dalilin yana cikin hanyar da kuɗi ke shiga hannun mawaƙi. Mawaƙin Nashville yana ci ne daga faifan da ma'aikacin masana'anta ya saya da kuma rediyon da yake saurare, saboda haka dole ya rera abin da ke damun wannan ma'aikaci. Mawaƙinmu kuwa tun asali daga hannun sarki da attajiri yake ci, yau kuma daga hannun ɗan siyasa da mai shirya fim da masu biki, kuma a cikinsu babu wanda zai biya a yi waƙar masaƙar da ta rufe ko ta gidan hayan da aka watse. Waɗanda labarin ya shafa, tsofaffin masaƙa da matansu, yawancinsu sun haura shekara sittin, da yawa sun koma acaba da gadi da ƙananan sana'o'i bayan rufe masaƙun, kuma ba su ne masu sayen data su saurari sabuwar waƙa a intanet ba.